Ranar da Na Taya Kwalekwale Aka Sallama Mini

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na sayi kwalekwalen tsere a Kuala Lumpur. Ni mutumin Kano ne, na cikin ganuwa. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga kafin lokacin shi ne na kwatar layinmu idan damina ta kankama, shi ma iyakarsa gwiwa. Ban iya iyo ba, ban taɓa sha'awar koyo ba, kuma ban fita daga gida da niyyar sayen komai ba.

A lokacin ina karatun digiri na uku, wanda ya ƙi ƙarewa. Muna zaune a unguwar Setapak, can saman wani dogon bene, ni da maiɗakina da 'yarmu guda ɗaya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba ma kama sunan, Ummi muke ce mata. Tana 'yar mitsitsiya muka zo da ita Malesiya, ga shi har ta kai shekara goma sha uku. A tsakanin nan Hausa ta fice daga bakinta ba tare da ta yi mana sallama ba. Tana ji sarai, amma ba ta mayarwa. In na ce, "Ummi, kin ci abinci?" sai ta ce, "Yes, Abba." In na ce, "Ya makaranta?" sai ta ce, "Fine." Amma da ƙawayenta sun kira, sai ka ji Malayanci na zuba kamar an kunna rediyo.

Na yi iya ƙoƙarina. A wajen cin abinci nakan ɗaga cokali in ce, "Mene ne wannan?" In ɗaga ludayi. In ɗaga murfin tukunya. Ita kuma ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai gadin jarrabawa, ta gama cin abincinta ta shige ɗaki.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne ranar Juma'a, idan muka kira Hajiya, mahaifiyata, a Kano. Hajiya ba ta jin Turanci ko na sayen magani. Takan ce, "Takwara, kin tashi lafiya?" Ummi ta ce, "Lafiya," ta miƙo mini wayar da sauri kamar ta ɗauki garwashi. Wata rana sai Hajiya ta ce da ni, "Ka daina matsa wa yarinyar nan. Ka riƙa gaishe mini da ita kawai." Ba da fushi ta faɗa ba, da ma da fushin ne da ya fi sauƙi. Hajiya ta manyanta, ciwon suga ya fara cin ƙarfinta. Tsorona ɗaya ne: kada Allah ya karɓi abarsa ba ta taɓa yin hira da takwararta ba.

To, akwai wani hali nawa da ya kamata mai karatu ya sani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, atamfa yake sayarwa a kasuwar Kwari, kuma a gindin rumfarsa na tashi. Mu ba ma iya wuce haja ba mu taya ba. Ba wai don muna so ba. Gaisuwa ce. Ka ga kaya, ka ɗaga, ka juya, ka faɗi kuɗin da kai kanka ka san ba za a sayar ba, mai kaya ya ce "albarka," ku yi dariya, ku tambayi juna iyali, kowa ya kama gabansa. Amma Alhaji yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: in ka taya aka sallama maka, kaya sun zama naka, ko kana so ko ba ka so. Na san wani mutum da ya taya turmi aka sallama masa ya ce bari ya je ya dawo. Har Alhaji ya bar duniya yana amsa gaisuwar mutumin nan, amma bai ƙara shimfiɗa masa tabarma ba.

A Malesiya na sha wahala da wannan hali, don su komai da kuɗinsa manne a jikinsa. Na taɓa taya burodi a kedai, wato ɗan kantin da ke ƙasan benenmu. Tun daga ranar maiɗakina take tsayawa nesa da ni idan mun shiga kanti.

Lokacin wani hutu makarantarsu Ummi ta shirya kai yara wani tafki a bayan gari, su yi mako suna koyon tuƙa ƙananan jiragen ruwa. Na sa hannu a takarda ban ma karanta sosai ba. Ranar ƙarshe aka ce iyaye su zo su ɗauki 'ya'yansu. Na kira motar haya na tafi, da kaftanina da hulata.

Na same ta a tsaye a bakin ruwa, kusa da wani farin kwalekwale da aka ɗora a kan 'yar amalanke mai taya biyu. Siriri ne, ba zurfi, kamar an tsaga kwanson zogale gida biyu. Ba inji, ba abin tuƙi irin na masunta. Doguwar sanda ce a tsaye, an ɗaura mata wani ƙaton ƙyalle, iska ta tura, kai kuma ka riƙe igiya ka yi ta addu'a. Mutum ɗaya yake ɗauka. An manna masa takarda cewa na sayarwa ne, da kuɗinsa a rubuce. Ummi na shafa gefensa a hankali, ba ta ma ga zuwana ba.

Ni ban san komai game da jirgi ba, amma na san yadi. Na kama bakin ƙyallen na murza tsakanin yatsuna, na ɗaga shi ga rana, na bi ɗinkin da farce. Ya sha jiki, amma an kula da shi, inda ya yage ma an yi masa faci mai kyau. Ina cikin haka sai ga wani tsoho ɗan Sin ya tako yana ɗingishi, rana ta gasa shi ya yi baƙi. Shi ne mai jirgin, kowa a wurin Ankul yake ce masa. Ya tsaya yana kallon hannuna.

Bakina ne ya yi aikinsa, ban aike shi ba. Na faɗi kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta. Na ma fara murmushi, ina jiran ya ce mini a'a mu yi dariya.

Tsohon ya dube ni, ya dubi Ummi, ya sake dubana. Ya ce, "Boleh." Wato an sallama.

Ya cire takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya miƙo mini hannu. Na karɓa, don ban san abin da ake yi da hannun da aka miƙo ba in ba a karɓa ba. A rayuwata ba a taɓa sallama mini a tayin farko ba. Na ji kamar na jingina da ƙofa ashe ba a rufe take ba.

A mota Ummi ta yi magana tun daga tafkin har Setapak. Da Turanci ne, amma magana ce. Ta ce jikin jirgin bai sha ruwa ba, ta ce yana da ƙaramin ƙyalle daidai nauyinta bayan babban, ta ce Ankul ya ci tsere da shi tun ba a haife ta ba, gwiwarsa ce ta lalace likita ya hana shi. Rabon da in ji muryarta ta daɗe haka a kusa da ni har na manta. Ina ta gyaɗa kai, ina lissafin yadda zan shiga gida.

Maiɗakina ta saurare ni har na gama. Ta san kuɗin da muke tarawa na 'yar mota ne, don ta gaji da hawa jirgin ƙasa na LRT da kayan cefane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abban Ummi, jirgi ka ce?"

Na ce, "Ƙarami ne."

Ta ce, "Yana zuwa kasuwa?"

Na ce ba ya zuwa.

Ta ce, "To a ina za mu ajiye shi, a baranda ko a lifta?" Na ce akwai rumfa a bakin tafkin da ake ajiyewa. Ta ce madalla, ashe har gidan haya ma za mu kama masa. Sannan ta ce in kira mutumin in ce wasa nake yi. Na ce na taya an sallama. Ta bar maganar, don ta san gidan da ta yi aure.

Kafin Juma'a labari ya gama 'yan'uwa, ɗalibai 'yan ƙasarmu. Bayan masallaci muka zauna a mamak, wato ɗan gidan abincin da muka saba shan shayi, ban ko zauna ba wani ɗan Katsina da ke karatun lissafi ya miƙe ya ce, "Ran Sarkin Ruwa ya daɗe." Wani ya tambaya ko zan riƙa jigilar ɗalibai zuwa unguwar Cheras idan an yi ambaliya. Wani ƙaramin yaro ɗan digirin farko ya ce, "Oga, just block number ɗinsa, lah. Wa ya san ka?" Na ce ni na san ni. Suka yi mini addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, wani ya gyara ya ce a dai fito lafiya.

Ranar da na koma biya, ni da Ummi, sai Ankul ya ƙi karɓar kuɗin. Da Turanci muke magana, irin nasu mai lah a wutsiya. Ya ce yana da sharaɗi: ba ya miƙa jirginsa ga wanda bai taɓa kifewa da shi ya tayar ba. A wurinsu ashe darasin farko ke nan. Kafin a koya maka tafiya, sai an koya maka faɗuwa. Ka shiga tsakiyar ruwa, ka kifar da jirgin da gangan, ka tayar da shi ka hau.

Na ce ai yarinyar ce za ta riƙa tuƙawa.

Ya ce, "Ita ta iya, na gani da idona, shi ya sa na sayar maka. Kai nake magana." Ya ce ya ga iyaye da yawa. Uban da bai taɓa faɗawa ruwa ba, ranar da ya hango 'yarsa ta kife, daga ranar ba za ta sake zuwa ba, jirgin kuma ya ruɓe a rumfa. Ya ce shi ba zai ba da jirginsa ya ruɓe ba. In ban yarda ba, babu komai, a fasa.

Ga ƙofa a buɗe. Ba ni na janye ba, mai kaya ne ya kawo sabon zance, ko Alhaji yana raye ba zai ga laifina ba. Da na gaya wa maiɗakina a waya sai da ta ce alhamdu lillahi har sau biyu. Na juya in gaya wa Ummi, sai ta riga ni. Idonta na ƙasa ta ce, "It's okay, Abba. I know you're scared." Ta ɗauke hannunta daga jikin jirgin ta sa a aljihu.

Na ce da Ankul ranar Asabar.

Asabar da hantsi aka hallara. Maiɗakina ta zo, ta ce in ma wani abu ne gara a gabanta. 'Yan'uwa sun zo su biyar da manyan kaya, har da tapau, wato ƙunshin shinkafa da suka sayo, suka jeru a inuwa kamar 'yan ɗaurin aure. Na cire hulata na ba ɗan Katsinan ajiya. Aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, Ankul ya ja igiyoyinta har sai da numfashina ya koma rabi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce nauyina ya yi daidai da babban ƙyallen. Wannan ne karo na farko da wani ya yabi tumbina.

Ya yi mini bayani a tudu. Akwai wani allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya leƙa ƙarƙashin ruwa. Idan jirgi ya kwanta a gefensa, allon nan zai fito waje. Ka zagaya bayan jirgin, ka kama allon, ka ɗora nauyinka a kai, jirgin zai miƙe. Ya ce kuma in kula da sandar ƙarfen da ke kwance a ƙasan ƙyallen, idan iska ta juya takan zo da gudu, sai a sunkuya. Na ce na gane. Na ma maimaita masa da Turanci mai kyau, irin wanda nake rubuta kundina da shi.

Suka ja ni zuwa tsakiya da ƙaramin jirgi mai inji, shi da Ummi a ciki, suka sake ni. Yarjejeniyar ita ce zai busa usur sannan in kifar da jirgin. Ban ba shi wannan wahalar ba. Iska ta juya, sandar ta zo, na tuna da maganar sunkuyawa bayan ta same ni a kafaɗa. Sai na ga sama a inda ruwa yake.

Gaskiya rigar ta yi aikinta, ban nutse ba. Amma jikina bai samu labari ba. Ƙafafuna na neman ƙasa babu, ruwa ya shiga hanci, ƙyallen ya shimfiɗu a kan ruwa kusa da kaina, igiya ta naɗe mini hannu. Ina jin Ankul yana magana. Ina jin Ummi tana magana. Na san Turanci suke yi, amma wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Duk Turancin da na tara tun daga firamare har digiri na uku ya fita daga kaina a lokaci ɗaya, bai bar ko na gaisuwa ba. Abin da ya rage a bakina salati ne da sunan Hajiya. Daga baya aka ce mini Ankul ya fara cire takalmi zai shigo, Ummi ta riƙe masa hannu.

Sai na ji an ce, "Abba."

Na ɗaga kai.

"Abba, ka dube ni. Ba za ka mutu ba. Rigar tana riƙe ka."

Na daina bugun ruwa. Ban san ko maganar ce ta tsayar da ni ba ko mamaki.

"Ka saki igiya. Saki. Yauwa. Ka zo baya, bayan jirgi." Tana yi tana tsayawa, tana laluben kalmomi kamar mai neman silifa a ƙofar masallaci. "Ka ga wannan, wannan katako? Ka kama shi. Hannu biyu. Ka hau da cikinka. Ka ja, Abba. Ka ja da ƙarfi, kana da nauyi."

Na kama, na ɗora cikina, na ja. Jirgin ya yi kamar ba zai motsa ba, sannan ƙyallen ya ɗago daga ruwa yana zuba, ya miƙe tsaye a kaina. Na rarrafa na faɗa ciki na kwanta rub da ciki. Daga bakin tafki ina jiyo 'yan'uwa suna tafi, ɗan Katsinan yana ɗaga hulata sama. Ankul ya busa usur ɗinsa a lokacin, don dai kada ya zama ya kawo shi a banza.

Ina kwance ruwa na fita ta hancina, ina kuka. Ba wanda ya gane, don duk fuskata ruwa ce. Da muka fito tudu na ce da ita, "Mamana, ashe kin iya?" Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ba ka jin English, shi ya sa." Maiɗakina ta miƙo mini tawul, sannan ta daɗe tana gyara wa yarinyar hijabin da ba abin da ya same shi.

Da la'asar muka kira Kano, ban jira Juma'a ba. Na fara ba Hajiya labari ina gyara wasu wurare, na ce iska ce ta yi ƙarfi fiye da kima. Ummi tana gefe ta ce, "Ba haka ba ne." Ta karɓi wayar. Ta ce, "Hajiya, Abba ya faɗi a ruwa. Yana kiran sunanki." Ina jiyo Hajiya tana cewa, "Ke takwara, faɗa mini da kyau, ya aka yi?" Ta shige ɗaki da wayar ta rufe ƙofa. Ta cikin ƙofar nake jin Hausarta tana tuntuɓe tana tashi, da dariyar Hajiya har da tari. Sai da cajin wayar ya ƙare.

Daga nan Juma'a ta zama tasu. Ni sai dai a ce a gaishe ni. Ummi ta shiga tsere, ta kife a gabana ba adadi, ban taɓa hana ta komawa ba, ko da yake kowane karo sai na miƙe tsaye. Mota kuwa ba mu saya ba har muka bar ƙasar, kuma ana tuna mini da hakan lokaci-lokaci har yau. Hajiya ta rasu ana saura 'yan watanni mu dawo gida. Ba su sake ganin juna ido da ido ba. Amma ƙanwata ta ce ko a kwanakinta na ƙarshe, in Juma'a ta yi takan ce a sa mata waya a caji, takwararta za ta kira.

Da karatu ya ƙare dole aka sayar da jirgin. Muka manna takarda. Wani Bamalaye ya zo da ɗansa, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi rabin kuɗin. Ina shirin buɗe baki sai na ga Ummi ta ɗora tafin hannunta a kan jirgin, ta kawar da kai gefe, ta ce, "Albarka."

Mutumin bai gane ba. Ni na gane. Haka Alhaji yake yi, hannu a kan turmi, kai a gefe. Ba ta taɓa ganinsa ba, ni kuma ban taɓa nuna mata ba. A hanya na tambaye ta inda ta samo. Ta ce, "Hajiya ce ta koya mini. Ta ce kai ba ka iya ba, kai tayi kawai ka iya."

Abin da na koya ke nan. Shekara da shekaru ina ɗaga wa yarinya cokali ina tambayar ta sunansa, alhali ta san na san sunan cokali. Ba ta taɓa rasa Hausa ba, abin faɗa ne ba mu bar mata ba. Yaro ba ya buɗe baki don ana gwada shi, yana buɗewa ne ranar da ya ga ana bukatarsa. Ni sai da na kife a tsakiyar ruwa, a gaban jama'a, ba hula, kafin 'yata ta ga ina bukatarta. Har yanzu ina taya kaya a kasuwa, amma nakan fara duba ko abin yana shiga lifta.